Rasuwar Ba-Musu, Na'urar Gwajin Faifai ta Shagon Yekini

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Malam Yekini Adisa, mai ɗaukar bidiyon biki da suna a Fagge, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar na'urarsa ta kunna faifan sidi, wadda duk layin suka sani da Ba-Musu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki, a kan kantar da ta zauna shekara huɗu.

Marigayiyar ta shigo hannunsa daga Sabon Gari a shekarar da soja suka miƙa mulki, ba kwali, ba takarda. An shaide ta da haƙuri. Duk faifan da aka miƙa mata, mai kyau da marar kyau, sai ta ce ƙirrr, ta ja shi ciki, ta yi tak-tak sau biyu, hoto ya bayyana. Akwatin zaɓe ma ya fi ta tantance abin da ake zuba masa.

Ba don a ci fuskar mai makoki ba, amma gaskiya sai an faɗe ta: Malam Yekini bai taɓa koyon saitin fitar da bidiyo ba. Kwamfutar da yake tace aiki da ita 'yar gwanjo ce daga Amurka, kuma yadda ya same ta haka ya bar ta, don a ganinsa rashin kunya ne ka gyara wa maƙeri abin da ya ƙera. Tana fitar da hoto a tsarin talabijin ɗin can, wato NTSC, alhali namu na nan PAL ne. Abu ɗaya da ya taɓa da hannunsa shi ne ma'aunin kyan hoto, wanda ya tura har ƙurya don amarya ta fito tas, ba tare da ya san injinan gidajen mutane ba sa iya haɗiye wannan nauyi ba. In ya gama aiki sai ya gwada a cikin Ba-Musu. Idan ta karɓa, shi ke nan. Ita kuwa ba ta taɓa ƙi ba.

Abin da ke faruwa a gidaje kuma sai wanda ya gani. Ango ya ga kansa baƙi da fari, yana hawa sama yana ɓullowa ta ƙasa. Gwaggon amarya ta buɗe baki a wurin kamu, guɗarta ba ta iso ba sai da aka fara rabon abinci. Wani waliyyi ya daskare da goro a hannu, fuskarsa ta farfashe gida-gida. Su taho shago a fusace. Malam Yekini ba ya musu da kowa. Kujera yake ba mutum, ya sa faifan, marigayiya ta yi tak-tak, biki ya fito garau, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, ka gani da idonka. Injinka ne ba shi da lafiya." Lafiyayyun injina nawa aka kai gyara saboda shaidar wannan baiwar Allah? Boniface, mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari, ya ce da kuɗin gyaransu ya yi wa shagonsa sabon rufi.

Ciwon ajalinta ya fara da daminar bana. Idonta ya yi rauni, ta riƙa jan faifai tana shiiii kamar mai haki. An goge idon da auduga, an sa mata fanka, an ɗan daddaki gefenta. Da aka kai ta wurin Boniface, ya ce irin idonta ya ƙare a kasuwa, ya kuma ba Malam Yekini shawara kyauta: ya mayar da saiti PAL, ya sauke ma'aunin nan daidai da abin da faifan sidi ke ɗauka, ya riƙa gwada aiki a injina uku daban-daban. Malam Yekini ya ce magani ya zo nema, ba lacca ba.

Wadda ta fi kowa rashi ita ce Hajiya Falmata ta Rijiyar Lemo. Bara Malam Yekini ya ɗauki bikin 'yarta Zulfa, inda maigidanta, Alhaji Gana, ya yi wa amarya nasiha ta minti huɗu. Bayan wata biyu Allah ya yi masa rasuwa, kuma duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai a wannan faifai. Ya ƙi yi a gidanta, ya ƙi yi a maƙwabta, ta sayi sabon inji, ya ƙi. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta bar faifan a shago, duk Juma'a bayan la'asar ta zo ta zauna a benci, ta kalli minti huɗun nan, ta yi godiya ta tafi. Sau uku tana roƙon a sake juyo mata daga kaset ɗin asali, sau uku ana ce mata mako mai zuwa insha Allahu. Abin da bai iya faɗa mata ba shi ne, a al'adar shagon kaset ɗaya biki goma yake ci, kuma tun bayan zaɓe walimar wani kansila ta hau kan nata. Kwamfutar da ta haifi faifan ma, da aka mayar da shi cikinta bayan ya sha karce, ta ce ba ta san shi ba.

Ranar Talata kunya ta ishe shi. Ya canja saiti yadda Boniface ya ce, ya haɗa wayoyi don ya kwafo nasihar daga bakin Ba-Musu. Ta ce ƙirrr, ta ja faifan, ta yi tak sau ɗaya. Har yanzu faifan yana cikinta.

Ta bar rimot ɗaya ɗaure da roba, wayoyi uku, ja, fara da rawaya, talabijin mai inci goma sha huɗu, da marayun faifai sama da ɗari biyu warwatse daga Fagge har Bata, waɗanda ba su da mai karɓarsu yanzu.

Za a kai gawarta Sabon Gari ranar Alhamis da safe, inda Boniface zai buɗe ta ya ciro abin da ta tafi da shi, a raba sauran sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a shago Laraba da Alhamis. Masu zuwa da ƙorafin faifai su yi haƙuri, mai ba da shaida ta riga mu gidan gaskiya. Duk mai irin wannan na'ura, ko gurguwa ce, ya taimaka ya kawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar shago zai kasance a buɗe, amma ana roƙon kada kowa ya zo. Hajiya Falmata ba ta ji ba tukuna, kuma Malam Yekini ya ce ba zai aika kowa ba, da bakinsa zai gaya mata.