Kwafin Kaka a Durowa ta Biyu

"...da gajiya, Kaka? Ina kwamfutarki?"

"Ƙarasa gaisuwar mana, mijin banza. Ko biyo ka aka yi?"

Ina bakin gado ina yanke wa Kaka farce ƙanena ya faɗo ɗakin, ko takalmi bai cire ba. Dakta take ce masa, duk da sai jibi zai miƙa kundin digirin. Kwamfutarsa ta mutu makon jiya, shi ne ya zo ya ari tata, ya kwashe kalmomin sirrinsa daga tsohuwar manhajar da ke adana su zuwa wata sabuwa. Mai gaggawar tsiya, bai tsaya ya ƙirga ba ya rufe tsohuwar gaba ɗaya. Yau ya duba, guda ɗaya ta faɗi a hanya, kuma ita ce ta ma'ajiyar intanet inda kundin yake. Layin wayar da za a turo masa saƙon canzawa kuwa ya daɗe da yar da shi.

"Kaka, fayil ɗin kalmomin sirrin da na fitar rannan, wanda na ce ki goge..."

"Na goge. Har kwandon sharar na zazzage. Ba cewa ka yi in ban goge ba ɓarayi za su kwashe ka har da hularka ba?"

Sai ya sulale ya zauna a ƙasa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, aikin shekara huɗu ne.

"Ka tuno kalmar mana. Ina amfanin wannan ƙaton kan?"

"Na'ura ce ta ƙirƙira ta, tsohuwa. Harafi ashirin. Ke da kike neman tabaranki yana kan hancinki."

"Ni da nake manta tabarau ban taɓa ɓatar da takardar ofis ba. Shekara talatin da biyar ina sakatariya. Tashi ka buɗe durowa ta biyu, jan fayil."

Ya tashi yana jan ƙafa. Ya ɗago takarda uku an danne su da fil, an buga musu kwanan wata a kusurwa. Ya dube su, ya dube ta.

"Bugawa kika yi? A takarda?"

"Ka ce in goge, ba ka ce kar in ajiye kwafi ba. Abu ba ya shiga kwandona sai da ɗan'uwansa a durowa."

"Kin san wannan babban laifi ne? Da ɓarawo ya shigo fa?"

"Ya saci me? Na karanta su tas. Shagon takalma, wasan ƙwallo, sai wani wurin neman aure da ka ce tsawonka ƙafa shida."

"Da takalmi nake nufi."

"Da tsani dai."

Dariya ta sa na kusa yanke mata yatsa. Shi kuwa ya riga ya ja kujera, yatsansa na bin layi a shafi na biyu. Sau biyu yana buga kalmar a kwamfuta yana kuskure. Kaka ta ture shi, ta gyara zama, ta buga haruffa ashirin ɗin nan idonta a kan takarda, ko sau ɗaya ba ta kalli madannai ba. Ma'ajiya ta buɗe, ga kundi nan lafiya lau. Ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da na ji ta a nawa ƙirjin.

"Alhamdu lillahi. Tsohuwa, na maida aurenmu."

"Wa ya ce ina so? Adana ta a sabuwar manhajar, ka ƙirga su a gabana, sannan ka kai takardun nan murhu. Ladata kuma, ka cire sunan ko wace ce ka sa a shafin sadaukarwa, ka sa nawa."

"Ba zan cire ba. Na fi son ta da ke."

"Buɗe in ga mummunar."

Ya buɗe. Layi biyu ne kawai: ga kakata, wadda ta ɗora yatsuna a kan tafireta ina ɗan shekara shida. Tun bara ya rubuta.

Kaka ta karanta, ta sake karantawa. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen zani, ta daɗe tana gogewa.

"Tazarar layin ta yi yawa," in ji ta tana dariya. "Matsa in gyara maka, Dakta."