Kan Kibiyar Dokta Pruitt

A duk faɗin Montana, idan ana maganar kan kibiya, to a kawo wa Dokta Orville Pruitt kujera. Likitan haƙori ne a garinmu, amma mu Sarkin Baka muke ce masa, shi kuwa ya ɗauka da gaske muke. Bai taɓa kashe ko zomo ba, amma wannan ai ƙaramar magana ce. Ilmi dai yana da shi, kuma ba ya rowarsa. Sai ya cika maka baki da auduga, sannan ya fara bayanin bambancin mai kaifi biyu da mai kaifi uku. Ba a taɓa samun wanda ya yi masa musu ba.

Bana, bayan shekaru yana nema, ƙuri'a ta faɗo kansa. Ya sami izinin harbin namijin elk, ƙaton naman dajin nan mai ƙaho reshe-reshe, kuma izinin na kaka ɗaya ne tak. Ranar ya miƙe a shagon kofi ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku gaya wa 'yan kwana-kwana kada su sayi ko tsoka ɗaya don liyafarsu ta bana. Naman gari duka yana wuyana."

Kowa ya yi tafi, ban da matarsa Lorna, wadda ita aka ɗora wa girkin.

Sai zaɓen kan kibiya ya kankama. Ya sayi mai kaifi biyu, ya ce yana fasa ƙashi amma ba ya zubar da jinin da za a bi sawu. Ya sayi mai buɗewa idan ya shiga jiki, ya ce wannan na ragwaye ne, sannan ya aika a ƙaro masa. Al'adar maharbanmu ce a gwada kaifi da aske gashin hannu. Sarkin Baka ya aske dama, ya aske hagu, ya gangara ƙauri. Kafin tsakiyar Satumba bawan Allah ya koma sumul kamar figaggiyar kaza, su kuwa elk suna can kan duwatsu suna kukansu babu mai damunsu.

"Orville, naman fa?" in ji Lorna. "Ni mutane ke tsarewa a hanya, ba kai ba."

"Lorna, ba ki san nauyin abin ba. Dabba irin wannan ba a kashe ta da kowane tarkacen ƙarfe."

A makon ƙarshe ya hau dutse da abokinsa Dwight, kwari cike, kowace kibiya da irin kanta daban. Dwight ya busa usur mai kwaikwayon kukan elk, sai ga ƙaton namiji ya fito ya tsaya musu a gicciye, kusa har suna jin warinsa. Sarkin Baka ya zaro mai kaifi biyu, ya dubi kaurin kafaɗar, ya mayar. Ya zaro mai buɗewa, ya ji 'yar iska a kunnensa, ya mayar.

"Don Allah harba ko wacce ce!" in ji Dwight cikin raɗa.

"Kada ka koya mini aikina."

Dabbar ta gaji da jira, ta yi fitsarinta, ta wuce. Har yau idan Dwight na ba da labarin sai idonsa ya kawo ruwa don takaici.

Daga dutse Dokta ya zarce wurin liyafa, jawabin uzuri a shirye a bakinsa. Sai ya tarar da tukwane cike da naman elk, gari na ta ci. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, nan take jawabin ya sauya.

"Jama'a, wanda ya kashe wannan ya ji shawarata. Mai kaifi biyu ne, ta huhu ya shiga. Harshena ba ya ƙarya. A cikin ɗalibaina wane ne?"

Lorna ta ɗago daga bakin tukunya, ludayi a hannu.

"Sabuwar motarka ce, Orville. A kwanar gada, ina dawowa daga gidan waya da saƙon kibiyoyinka. Jami'in daji ya ce mu kwashe naman. Ita kuwa tana gareji, sun ce ba ta gyaruwa."