Iyalina na Cikin Kwalba

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na yi kiwon kifi a Batsari. Zamanin Turawa ne, En'e ta turo ni koyarwa a elementare, ga ni ɗan birni, gwauro, ban san kowa ba. In an tashi makaranta sai in koma ɗaki, daga ni sai bango. Mutanen garin akwai gaisuwa, amma duk wanda ya zo kan "ina iyali?" sai ya tuna, ya haɗiye, ya wuce. Wannan haɗiyewar ta fi komai yi mini ciwo.

A Katsina na taɓa ganin akwatin gilashi a gidan wani Bature, ƙananan kifaye na yawo a ciki. Na ce ni ma me zai hana? Na samo ƙatuwar kwalbar alewa, na bi hanyar Wagini har wani kududdufi, na kamfato 'yan jariran kifi baƙaƙe, masu ƙaton kai da siririyar wutsiya. (Ni kifin da na sani a duniya busasshe ne, a cikin miya.) Kullum in sauya musu ruwa, in barbaɗa musu dusa, in ba su labarin makaranta. Har suna na raɗa wa kowanne.

Ran wata Juma'a, bayan an sauko, na janyo maƙwabcina Malam Ɗanjuma mahauci da abokan hirarsa su zo su gani. Suka leƙa kwalba, suka dubi juna.

"Malam, mi ka ce sunansu?"

"Tarwaɗa mana. Kiwon zamani ke nan."

"To, Allah shi raya."

Tun daga ranar gaisuwa ta cika. Ko'ina na gifta sai in ji, "Malam, ina iyali?" Ni kuwa baki har kunne: "Lafiya lau, suna ta girma!" Wallahi daɗi nake ji, don rabona da a tambaye ni wani nawa har na manta.

Sai wata safiya na ga abin mamaki a kwalba. Ban tsaya tunani ba, na nufi tukubar Ɗanjuma, ranar kasuwa, jama'a maƙil. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Jama'a, albishirinku! Kifayena sun fara ƙafa!"

Sai dariya ta ɓarke, har wani Bafulatani ya saki igiyar akuyarsa. Ɗanjuma ya ajiye wuƙa yana share hawaye.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri. Talibambam ne. Kwaɗi kaka kiwo."

"Kun sani tun ran nan?"

"Mun sani. Mun ga kana jin daɗinsu ne, muka ce a ƙyale ka."

Na rasa inda zan sa kaina. (Ni fa ke koya wa 'ya'yansu ilmin halittu.) Da la'asar na ɗauki kwalba na mai da su kududdufinsu. Ko waiwaye babu wanda ya yi a cikinsu. Na dawo na wanke kwalbar, na kife, ɗakin ya koma yadda na same shi.

Washegari Ɗanjuma ya gaishe ni, ya zo kan "ina iyali?", ya tuna, ya haɗiye.

Abin da na koya shi ne, kada ka yi saurin raɗa wa abu suna. Jira tukuna ka ga ko zai yi ƙafa, don in ya yi, tafiya zai yi ya bar ka.