Maɗin Ɗinyar Hansatu

Akwai wani tela a Funtuwa, Malam Ilu, mutum ne mai gardamar tsiya, ga kwaɗayin zaƙi, amma ko za a yanka shi ba zai yarda yana da kwaɗayi ba. Shagonsa a zauren gidansa yake, don haka duk abin da aka ɗora a murhu hancinsa ne ke fara samun labari.

Da sanyi ya fara leƙowa, matarsa Hansatu ta ce bana kam ba za ta yarda ba. Kowace shekara sai mura ta kwantar mata da yara, wannan ya warke wancan ya ɗauka, har sanyi ya wuce ba a daina tari a gidan ba. Wata maƙwabciya ta nuna mata bidiyo a waya, wata Baturiya na dafa wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe da zuma, wai tana ba iyalinta don ƙarin garkuwar jiki. Hansatu ta kalla ta ce, "Wannan ai ɗinyarsu ce. Mu ma muna da tamu."

Ta sayo busasshiyar ɗinya ta jiƙa, ta dafa, ta tace da rariya, ta mayar kan wuta da citta da kanumfari har ya yi kauri yana danƙo. Da ya huce ta kwarara masa zuma, ta ɗura a wata ƙatuwar kwalba, ta ɗora kan kabad. Sannan ta kafa doka: kowa cokali guda kowace safiya, kafin koko.

Yara suka yi layi suna lashe baki. Da ta miƙo wa Malam Ilu nasa, sai ya kawar da kai.

"Ni za ki ba maɗi kamar ɗan yaye? Ni mura tsorona take ji. Ku dai ku sha abinku na waya."

Hansatu ba ta ja ba, ta shanye cokalin da kanta.

Ana nan, ranar da ta tafi gidan suna, Malam Ilu ya shiga ɗaki neman almakashi. Almakashin bai samu ba, amma ya sami kwalba. Ya ce a ransa bari dai ya ji abin da ake ta zuzutawa, don ya san yadda zai ƙara kushe shi. Ya tsoma yatsa ya lasa. Ya sake lasa. Ya ɗauko cokali. Kafin ya ankara ya koma ludayi.

Da ya ga maɗin ya yi ƙasa, sai dabara ta zo masa. Ya tsiyayi ruwan shayinsa mai duhu ya cike gurbin, ya girgiza, ya mayar da kwalba mazauninta. Daga ranar, da zarar Hansatu ta leƙa maƙwabta ko ta shiga wanka, sai keken ɗinki ya yi shiru na ɗan lokaci. Maɗi na raguwa, shayi na ƙaruwa, kwalba kuwa kullum tana nan yadda ya kamata a gan ta. Yara suka fara cewa abin ya tsinke, ba daɗi kamar da. Hansatu ta ce kwaɗayinsu ne ya saba.

Sai ga mura ta zo. Ta fara da autan gidan, ta bi ta kan yayyensa, ta ƙare a kan Hansatu. Gida ya cika da atishawa da warin man zafi. Malam Ilu kaɗai ne garau, yana taka kekensa har da 'yar waƙa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ba shi labari.

"Masu shan magani duk suna kwance. Ni da na ƙi sha, ga ni nan daram."

Abin ya dami Hansatu fiye da murar. Ta riga ta koya wa matan unguwa haɗin, ta cika musu baki, yanzu ga shi ko'ina ana cewa maɗin Hansatu shi ke kiran mura. Kunya ta hana ta ko leƙa ƙofa.

Da labari ya kai ga Yaya Dije, yayar Malam Ilu wadda ta goya shi yana ƙarami, sai ta zo dubiya da hantsi. Ta tarar da Hansatu zaune a tsakar gida ta ƙudundune cikin mayafi, da kwalba a gabanta tana shirin zubar da sauran a magudana.

"Tsaya, ba ni in ji," in ji Yaya Dije. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta yamutsa fuska. "Hansatu, a garinku haka ake maɗi? Wannan ai shayi ne da ya taɓa gaisawa da ɗinya."

"Wallahi Yaya, da kauri na yi shi. Ludayi ma da ƙyar yake juyawa."

Malam Ilu ya jiyo su daga zaure, ya shigo da tef rataye a wuya yana dariya.

"Yaya, ai na gaya mata tun farko. Ni ko ɗanɗana shi ban yi ba, kin gan ni."

Ya ƙyalƙyale har ana ganin dasashinsa. Yaya Dije ta ƙura masa ido.

"Ilu, fito da harshenka."

Ya rufe baki ruf.

"Na ce fito da shi. Ba yau na fara duba bakin nan ba."

Ba yadda ya iya, ya zaro harshe. Baƙi wuluk, kamar an rina shi a marina.

Hansatu ta dubi harshe, ta dubi kwalba, ta sake duban harshe.

Malam Ilu ya gyara murya, ya gyara zaman hula.

"To ai gwaji nake miki. Yanzu kin tabbatar maganinki na aiki, tunda ni da na sha na gaskiyar ban ko yi atishawa ba. Kamata ya yi ki gode mini, na wanke miki suna."

"Na gode, Malam," in ji Hansatu da toshasshiyar murya. "Tunda kai ne mai garkuwar gidan, ga wanke-wanke can tun na jiya, ga wankin yara, ga tuwon rana ba a ɗora ba. Mu marasa lafiya bari mu kwanta."

Malam Ilu ya waiga ya ga tulin kwanuka. Nan take ya dafe ƙirji, ya sunkuya, ya ƙaƙalo wani ɗan tari.

"Kin ji, ni ma kamar ta fara kama ni."

Hansatu ta gyara mayafinta, ta miƙe, ta nufi ɗaki.

"Wannan tarin ma, Malam, da jin sa an tsarma masa ruwa."