Amarya a Hagu, Ango a Dama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren Rahila, 'yar ƙanwata, a cocinmu na Kagoro ba. Coci ya sayi makeken allon talabijin da wani ɗan akwati mai sarrafa hotunan da ake nunawa. Fasto ya ce a ɗauko ƙwararre daga Kafanchan. Na miƙe na ce, "Ina raye?" (Ni malamin lissafi ne, kuma na taɓa gyara rediyo biyu, ɗaya har ya yi magana.)

Abu ɗaya Rahila ta roƙa: a raba allon gida biyu, hotonta a hagu, na angonta Bitrus a dama, don dangin ango 'yan Sabon Tashar Kaduna su san mu ma mun waye. Ta ce, "Kawu, don Allah kada ka ba ni kunya."

Kwana uku ina kokawa da akwatin nan, gumin da na zubar ya isa ban ruwan gonar citta. Hoton Bitrus bai iso ba, sai na gwada da wanda ke wayata: Janar, ƙaton aladena. Ya zauna daram, na danna maɓallin ajiyewa. Da hoton ango ya iso na sauya, komai tsaf. Sai dai ban sake danna maɓallin nan ba.

Ran biki, matan zumunta na tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta. Aka ta da janareto, akwati ya farka, ya koma kan abin da na ajiye masa. Ga amarya a hagu cikin farin mayafi. Ga Janar a dama, hanci duk laka, an rubuta "Ango Bitrus" a ƙasansa.

Uwar ango ta miƙe: "Wannan ne ɗan nawa?"

Wani dattijo daga baya ya ce, "Mama, ai Kaduna ta karɓe shi!"

Na wawuri rimot na danna. Amarya ta ɓace, Janar ya cika allo shi kaɗai.

Wata guda Rahila ba ta gaishe ni ba. Sai da na kai mata Janar har gida a ɗaure, ta ce, "Kawu, ka kawo mini mijina?"

Amma fa har gobe ban yarda na gaza ba. An ce in raba allo, na raba, layin tsakiya a miƙe sak. Wane ƙwararren Kafanchan ne zai fi haka? Abin da na koya dai: akwati ba ya tuna niyyarka, sai abin da ka ajiye masa. Yanzu da hoton fure nake gwaji.