Kamu Guda na Marmara

"...da gajiyar hanya?"

"Babu gajiya. Wanda yat taho wurin amaryatai, ina shi ina gajiya?"

"Ina mutanen Galma?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in tambaya ko har yanzu kina jin Hausa, ko sai an nemo tafinta."

"Ka ce musu ina ji, har da ƙaryar tsohhi."

Fa'iza ta shimfiɗa wa kakanta Gado tabarma a ƙofar madafa ta ba shi ruwa, amma idonta yana kan naɗin da ke hammatarsa. Bara ta dawo daga karatu a Maroko, ta yi aure, ta kama aiki a Madawa. Gidan haya suke. Dakalin madafar, inda take jera kwanoni, siminti ne da ya tsattsage, mai ya ci shi har sabulu ya sallama. Kuɗin karo, wato tayil, babu, mai gidan kuma ya hana a fasa komai. Sai ta sa aka sayo mata leda mai manne daga Yamai, fara mai jijiyoyi ruwan toka kamar dutsen marmara, daidai tsawon dakalin ba ƙari. Gobe uwar mijinta, Hajiya Zaliha, za ta zo daga Kaita karo na farko, ita kuwa an san ta, ba ta zama a ɗaki sai ta leƙa madafa. Jiya da saƙon ya iso tasha Fa'iza tana wurin aiki. Gado ya kawo albasa kasuwa a amalankensa na jaki, shi ya karɓa, ya ce yamma ta yi, ya wuce da shi gida Galma.

"Miƙo saƙona."

"Haka kawai? Ba tukuici? Can Maroko ba a koya muku ladan ɗan aike?"

"An koya muna ɗan aike ba shi kwana da saƙo."

"Ni ba ɗan aike ba ne, mai gida ne. Shi wancan ɓarawon da yas sace min ke, ina yat tahi?"

"Mahdi na Buza wurin aiki. Shi ka ɗauko Hajiya gobe."

"Ya ji ina tahe ya gudu. Ya yi hankali."

Ta karɓi naɗin ta shiga. Tun asuba ta wanke dakalin, ta cike tsagoginsa, ta bar shi ya bushe. Ta ɗora bakin ledar a gefen ƙofa ta warware ta zuwa bango, ba ta ɓare takardar bayan ba tukuna. Leda ta ƙare, dakali bai ƙare ba. Ta sake ja. Ta tsaya tana duban baƙin simintin da ya rage a lungu.

"Tsoho."

"Na'am, hasken gidana."

"Taho ka gani."

"Gwiwa ta hana. Hwaɗa min daga nan."

"Metir uku anka aiko min. Wagga ba ta kai ba. Kamu guda babu."

"Kamun wa, naki ko nau? In nau ne da sauƙi, hannuna ya tsuke tun bara."

"Ina sauran ledata?"

"Rana ce. Kin daɗe waje kin manta ranar ƙasarmu ta Adar. Leda ta ji zahi ta ƙanƙance. Ni da kike gani, da na hi haka tsawo."

"Rana na da wuƙa? Dubi bakin, kamar hanyar maciji."

"To ɓeraye ne. Ɓerayen Galma ba su da kunya."

Fa'iza ta kai bakin ledar hancinta. "Ɓera mai yanka da wuƙar albasa?"

"Ɓerayenmu manoma ne, ba irin na birni masu zaman banza ba."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Tsoho."

"Nau na da zurhi, ni na gina shi. Ki tuhumi mutanen Yamai. Can komi ya yi tsada, har metir ɗinsu ya rame."

"Ni na yi wauta. An ba kura ajiyar nama."

"Kura da haƙori take ci. Buɗe bakina ki ƙirga, in kin samu biyar na biya."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro, yana warware shi a hankali kamar wanda ba a tuhuma da komai. Fa'iza ta dubi abin da aka naɗe goron. Takarda ce mai santsi, da zanen ƙananan gidaje a bayanta, irin wadda ke manne da ledar da ke hannunta.

"Goronka ya yi sabuwar riga."

"Takardar likita ce. Ta maganin gwiwa."

"Wane likita ka rubuta magani a bayan ledata?"

"Sabo ne. A Maroko yay yi karatu."

Fa'iza ta saka takalmi ta nufi ƙofar gida, sai ga gwiwar Gado ta warke, ya biyo ta da sauri yana cewa jakin ba ya son baƙi. Amalanken yana ƙarƙashin itacen bedi. Tsatsa ta ci ƙafafunsa, buhunan albasa sun bar masa ɓawo ko'ina, amma guntun katakon da Gado ke zama a kai fari ne fat, da jijiyoyi ruwan toka, yana walƙiya a rana. Wasu mata biyu masu wucewa da tallan fura sun rage tafiya suna kallo.

Fa'iza ta sunkuya ta duba aikin. Ba laifi ya manna, sai dai iska ta kumbura a wurare kamar ƙurajen zafi. Ta sa farce ta ɗan ɗaga kusurwa ɗaya. Ledar ta miƙe ta yi fari, ta taso da ɓarɓashin katako da yashi. Ta mayar. Wannan ba za ta ƙara kama siminti ba har abada.

"Jaki na jan marmara, ni ina dahuwa bisa gawayi."

"Ki saurara ki ji. Kin san Manzo?"

"Abokin faɗanka na kasuwar albasa."

"Shi. Ya shahwa wa amalankenai fenti shuɗi, tun daga nan ba mu huta ba. Kullum shi ce katakona ya cinye min wando uku, wai jikata ta ƙetare teku amma ni ina zama bisa ƙaya. Yau da sahe na wuce shi bisa wanga. Na yi mai sallama, bakinai buɗe, ya kasa amsawa."

"Mi kac ce mai?"

"Gaskiya. Na ce dutse ne na ainihi, amaryata ta ɗauko min shi daga Maroko cikin jirgi."

"Dutse. Bai taɓa ba?"

"Na hana. Na ce hannun mai taɓa albasa na ɓata shi."

"Kwaɗayi mabuɗin wahala."

"In ba ƙira mi ya ci gawayi? Don darajarki niy yi. Yau duk kasuwa sunanki aka kira."

Suka koma ciki. Fa'iza ta tsaya gaban dakalin ta riƙe ƙugu. Ko ta aika Yamai yanzu, saƙo ba zai riga Hajiya isowa ba.

"Tsoho, bar wasa. Gobe za ta shigo nan. Da na bar shi baƙi duka, sai ta ce gidan haya ne. Yanzu za ta koma Kaita ta ce matar Mahdi ta fara abu ta kasa ƙarewa."

"Ruhe wurin da faifai."

"Za ta ɗaga."

"Aza tukunya."

"Ita ce ta farko da za ta ɗaga."

"Wagga suruka ce ko mai awon hatsi? To ki ce mata sabon yayi ne na Maroko, dakali mai sanƙo."

"Irin kanka?"

"Kaina sanƙon arziki ne. Kakarki saboda shi ta ƙi wani mai raƙuma."

"Allah shi jiƙan ta, ido ya dame ta tun tana yarinya. Ga dabara. Ka kwana nan, gobe in aza ka bisa wurin, ka zauna ka ruhe shi har Hajiya ta tahi."

"In ta ɗaga ni hwa?"

"Sai in ce tare da gidan anka ba mu kai haya."

"Kin ga illar lekwal, karatun boko. Mace ta maida mijinta marhin tukunya."

Fa'iza ta ɗauki mayafinta daga ƙusa ta yafa.

"Ina zuwa da rana tsaka?"

"Kasuwa. In gaida Baba Manzo, na daɗe ban gan shi ba. Ka kawo amalanken, in nuna mai yadda aka ɓare dutsen Maroko da farce."

Goron ya tsaya a bakin Gado. "Ba ki yi."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"A bar kaza cikin gashinta, Fa'iza. In ba ki buhun albasa."

"Albasa ba ta ruhe dakali."

"Buhu biyu. Da jakin, ranar Juma'a."

"Mi zan yi da jaki? Ina da kai."

"Manzo zai kai labarin har Bangi. Jikokinai za su yi min waƙa."

"Ni zan ba su amshi."

Ya dube ta, ya dubi baƙin lungun, ya dubi ƙofa. Sai ya tofar da goron ya fita. Ta ji ƙarar wayar ƙarfe ana kwancewa, ta ji jakin ya yi kuka, ta ji Gado yana ce masa ya yi shiru shi ma an ci shi. Ya dawo rungume da katakon, ya ɗora a lungun dakalin. Katakon ya zauna daram daga bango zuwa bakin ledar, domin da shi ya auna ya yanka.

Fa'iza ta cire mayafi, ta ɓare takardar bayan kaɗan kaɗan, tana manna ledar tana bin ta da tsumma daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Ta gyara karkataccen bakin da reza ta cusa shi ƙarƙashin katakon. Sannan ta ɗauko allura ta huda ƙurajen da Gado ya bari, ta shafe su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ja da baya zuwa ƙofa, inda Hajiya za ta tsaya. Fari ne daga nan har bango, da ɗan tudu a lungu kamar da gangan aka yi shi don kofuna.

"Ya hi na da kyau," in ji Gado. "Ki gode min."

"Ɓarawo ya maido rabin kaya yana son goron albishir."

"To mi zan ce ma Manzo in ya ga ƙarhe tsirara?"

"Ka ce amarya ta karɓe. Sadaki."

Gado ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya naɗe buhun albasa wofi ya sa a hammata, abin zama zuwa Galma.

"Na biya, shaidu su shaida. Amma ki hwaɗa ma ɓarawon nan, duk ranar da ya aza kofinai bisa marmarata, haya zai biya."