Daga Zaure Zuwa Rumbu

"Lafiya lau, ina gajiyar hanya? Wannan sandar raken da ka taho min da ita fa, ta sayarwa ce?"

Inna ce, mahaifiyata, take amsa gaisuwata, idonta a kan ɗana Muhsin. Ranar Asabar ce da hantsi, mun zo Roni daga Kazaure a kan babur. Daga wannan rana Inna ba ta sake ganinsa ba.

Muhsin ya gama difloma bai samu aiki ba. Dogo ne, kaya na zama a jikinsa, sai wani tela ya riƙa sa masa sabon ɗinki ana ɗaukarsa hoto, in an gama ya tuɓe ya mayar. Daga nan wasu suka turo masa saƙo ta waya, wai kamfanin tallan sutura ne a Legas, sun zaɓe shi. Ya biya kuɗin rajista. Suka ce ya rage ƙugu, ya daina cin tuwon dare. Abu ɗaya ya rage: a gidanmu ba mai yin tafiyar kwana sai Inna ta ce je ka.

Ya durƙusa ya ce, "Tsohuwa, mijin naki kike kira rake? Don kin san ba ki da haƙoran sha."

"Miji! Mijin da iska za ta ɗauke min a ƙofar gida? Matso ka ci ɗumame."

"Na ƙoshi."

"Da me? Da hoto?"

"An auna ni ne. In na ƙara, kayan ba za su shige ni ba."

"To su buɗa rigar mana. Tun da nake, mutum ake ɗinka wa riga. Yau na ji ana rage mutum don riga. Wai aikin ma mene ne?"

"In sa kaya in yi tafiya, mutane su kalla."

"Sai kuma me?"

"Sai in juyo."

"Ka juyo! Ai bunsuruna ma kullum yana yi, ba wanda ya taɓa biyansa."

"Bunsurunki bai iya sa shadda ba."

"Kai ma ta aro ce. Su masu kamfanin 'ya'yan wane ne? Wa ya san gidansu?"

"Suna cikin waya."

"In sun cinye ka, wayar zan kai ƙara wurin dagaci?"

Nan ya dube ni. Ni kuma ina kan tabarma a gefe, ba na shiga tsakanin kaka da jika. Sai ya ce, "Kishi ne kawai. Kin san in 'yan matan Legas suka gan ni, kin zama bazawara."

"Ni? Yaro, ina budurwa in na fito da ƙwaryar fura ranar kasuwa, masu awon gero mantawa suke kwano nawa suka zuba. Kai wa ya taɓa tuntuɓe saboda kai?"

"Ke, yanzun nan da na shigo."

"Ciwon gwiwa ne, mara kunya."

Bayan azahar ta sa aka fitar mata da kujera tsakar gida. Ta ce ba ta sallamar miji zuwa aikin da ba ta gani ba. Ya gaya mata ƙa'idar aikin ita ce ba a murmushi.

"Madalla. Daga zaure zuwa rumbu, ka dawo. In ka yi dariya, ka zauna ka ci tuwona har ka yi tumbi. In ni na yi, ka tafi."

Ya gyara hula, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga kai, ya taho.

"Jama'a ku zo ku ga zalɓe da hula! Kai, wuyan nan naka tsani ne? A hankali, kada ƙafafun su karye, ba ni da itacen ɗori. Dube shi, kamar an aike shi ya manta saƙon."

Ko gezau. Ya kai rumbu, ya tsaya, ya juyo. Bunsurun da ke kwance a gindin rumbun ya miƙe ya biyo bayansa, shi ma kai a sama. Muhsin ya iso gabanta, fuska a ɗaure, ya ce, "Ga abokin aikina. Kamfani ɗaya ya ɗauke mu."

Inna ta toshe baki da gefen mayafi, amma ta makara. Ta yi dariya har da tari. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin dakuwa ta cusa masa a aljihu.

"Je ka, Allah Ya tsare. Ka ci a ɓoye, kada rigar ta gani."

Da la'asar muka koma Kazaure. Washegari ya hau mota.

A Legas ya tarar da adireshin wani shago ne a rufe, da matasa irinsa tsaye a bakin ƙofa, kowa da jakarsa. Lambar da suke kiransa da ita ta daina shiga. A hanyar dawowa motarsu ta yi hatsari. Allah Ya jiƙansa.

Jakarsa ta iso daga baya. Shaddodin na tela ne, na mayar masa. Wayar na kashe ta, don har bayan sadakar bakwai wata sabuwar lamba tana turo saƙon taya shi murnar an zaɓe shi. Sauran kayan aka raba wa 'yan'uwa. Takalminsa sau-ciki ne ya yi wa kowa yawa, sai Daudu mai ga-ruwa da ke kai wa Inna ruwa, shi ya yi wa daidai.

Na je Roni kwanan baya. Jikokinta suka shigo suna kiranta amarya, ta amsa musu da "Lafiya lau" kawai. Can Daudu ya ratso tsakar gida da garwa biyu, takalmin a ƙafarsa. Ta bi shi da kallo har ya kai randa.

"Daudu," ta ce, "ɗaga kanka. Ba haka ake tafiya da shi ba."